Kalsiyam da Ƙarfin Ƙashi a Ƙasar Kutus: Ƙwaya ko Abinci?

Kalsiyam shi ne ma'adinin da ya fi kowanne yawa a jikin mutum. Baligi yana ɗauke da kimanin kilo ɗaya, kuma kashi 99 cikin 100 na wannan yana cikin ƙashi da haƙora. Ɗan abin da ya rage shi ke yawo cikin jini da tsoka, da shi zuciya ke bugawa, da shi jijiya ke kai saƙo, da shi kuma jini ke daskarewa idan an ji rauni. Jiki ba ya barin wannan ɗan kaso ya yi ƙasa. Da zarar ya fara raguwa, wasu ƙananan gaɓoɓi huɗu da ke cikin wuya sukan saki wani sinadari da ke sa a ɗebo kalsiyam daga ƙashi a zuba cikin jini. Ƙashi ke nan tamkar rumbu yake, ana zubawa lokacin da abinci ya wadata, ana ɗiba lokacin da ya yi ƙaranci. Saboda haka ne gwajin jini ba ya nuna ko mutum na samun isasshen kalsiyam a abincinsa, don jinin zai fito daidai ko da rumbun ya kusa komawa fanko.

Mafi yawan zubin ana yin sa ne tun ƙuruciya. Ƙashi yana ta ƙaruwa da kauri har zuwa wajen shekara 30, daga nan ya tsaya, sannan ya shiga raguwa a hankali. Ga mace raguwar takan yi sauri cikin shekarun farko bayan ɗaukewar jinin al'ada. Idan abin ya yi nisa sai ƙashi ya zaizaye daga ciki ba tare da wani ciwo ba, har ranar da tsohuwa za ta zame a bakin rijiya ta karye a kwatangwalo, ko bayanta ya ranƙwafa saboda ƙasusuwan gadon baya sun lotsa.

Hukumomin lafiya ba su yi ittifaƙi kan adadin da ake bukata ba. A Amurka, tun 2011, ana ba da shawarar miligiram 1,000 a rana ga baligi, 1,200 ga macen da ta haura shekara 50, da 1,300 ga yara masu shekara 9 zuwa 18. A Ingila kuwa miligiram 700 aka ce ya ishi baligi. Duk waɗannan alƙaluma an fitar da su ne daga nazarin mutanen da ke cin nama da gishiri da yawa, waɗanda kuma ba sa samun rana sosai, don haka ba dole ba ne su yi daidai da jikin manomi ko makiyayi na Sahel.

Kelle, babban garin ƙasar Kutus da ke arewa da Gure a jihar Damagaram, wuri ne da noma da kiwo suka haɗu. 'Yan ƙabilar Dagira manoma ne na hatsi da wake a gindin duwatsu, Fulani da Buzaye da Tubawa kuma suna kiwon shanu da awaki da tumaki da raƙuma daga nan har zuwa dajin Tasker. Ruwan sama kaɗan ne, wajen milimita 300 a shekara, yana kuma zuba ne cikin wata uku. Abincin yau da kullum hatsi ne, ko a tuwo ko a fura ko a kunu. Hatsi kuwa talaka ne wajen kalsiyam, miligiram 20 zuwa 40 ne kawai a giram 100. Wanda ya ci rabin kilo a yini bai samu fiye da miligiram 200 ba, kuma dusar hatsin na ɗauke da wani sinadari mai suna fayitet da ke riƙe wani ɓangare ya hana hanji tsotsa. Jiƙa hatsi da barinsa ya yi tsami kafin a dama yana rage wannan sinadari, abin da mata ke yi tun kaka da kakanni ba don wannan dalili ba.

Abin da ke cike giɓin shi ne nono. Rubu'in lita na madarar saniya yana da kimanin miligiram 300, na akuya ya ɗan ɗara, na tunkiya ya fi su duka, na raƙuma kuma yana kusa da na saniya. Kaɗa nono a cire mai ba ya rage kalsiyam, domin ba a cikin man yake ba. Man shanu ba shi da wani abin kirki na wannan sinadari, tsala kuwa tana riƙe da kusan dukkansa, muddin ba a cika mata ruwa ba. Cuku, wanda ake shanyawa ya bushe ya yi watanni bai lalace ba, kalsiyam ne a dunƙule. Jiki yana tsotse kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ke cikin nono, wanda a ma'aunin abinci kaso ne mai kyau.

Matsalar nono a Kutus ita ce ba ya zama shekara. Da damina da kaka yana wadata har ya yi araha. Da rani ya tsananta, ciyawa ta ƙare, dabbobi suka yi nisa neman makiyaya, sai nono ya yi wuya, fura ta koma farau-farau. A wannan lokaci ganye ke ɗaukar nauyin. Garin kuka, wanda ake kawowa kasuwanni daga kudu, musamman yankin Mirya, yana da kusan miligiram 2,000 a giram 100, ko da yake adadin kan bambanta daga wuri zuwa wuri. Busasshen zogale ma wajen haka yake. Ba wanda ke cin giram 100 na kuka a zama ɗaya, amma giram 10 da ke shiga miyar mutum ɗaya ya kai abin da rabin kilon hatsi ke bayarwa. Lalo da yoɗo da tafasa da gasaya da kuɓewa duk suna da rabonsu. Sai ƙananan busassun kifi da ke zuwa daga wajen Diffa da tafkin Cadi, waɗanda amfaninsu na cikin ƙayar: idan aka daka su gaba ɗaya aka zuba a miya an samu, idan aka zare ƙayar aka yar an yi asara.

Ba kowane ganye ne ke bayar da abin da ke cikinsa ba. Alayyafo da yakuwa suna da sinadarin okzalet da ke ɗaure kalsiyam, don haka kaɗan ne ke shiga jini. Riɗi ma mafi yawan nasa yana cikin ɓawo ne a ɗaure. Awara da aka haɗa da ruwan tsami ba ta kai wadda ake haɗawa da gishirin kalsiyam a ƙasashen Asiya ba, ko da yake sunan da ta yi a littattafan abinci daga can ya samo asali.

Ƙwayar kalsiyam da ake sayarwa a kantin magani iri biyu ce mafi yawa. Akwai kabonet, wadda asalinta abu ɗaya ne da alli da ɓawon ƙwai, kashi 40 cikin 100 na nauyinta kalsiyam ne, ita ce mai araha, kuma tana bukatar a sha ta tare da abinci. Akwai sitiret mai kashi 21 cikin 100, wadda ta fi tsada. Hanji ba ya iya tsotse fiye da kimanin miligiram 500 a lokaci ɗaya da kyau. Nan ne ƙwaya ta bambanta da abinci. Abinci yana sakin kalsiyam kaɗan-kaɗan cikin yini, gauraye da furotin da mai, jini bai ma san ya shigo ba. Ƙwaya kuwa takan ɗaga kalsiyam na jini na tsawon sa'o'i bayan an haɗiye ta, kuma masana da dama na ganin daga wannan ɗagawar ce illolinta ke tasowa.

Illar da ta fi tabbata ita ce tsakuwar ƙoda. Wani babban bincike da aka yi a Amurka kan mata 36,282 masu shekara 50 zuwa 79, wanda aka wallafa a 2006, ya ba rabinsu miligiram 1,000 na kalsiyam da ɗan bitamin D kullum, sauran kuma ƙwayar da babu magani a cikinta. Bayan kimanin shekara bakwai, tsakuwar ƙoda ta ƙaru da kashi 17 cikin 100 a wurin masu shan ƙwayar, karayar kwatangwalo kuma ba ta ragu yadda za a kafa hujja da ita ba. Abin mamaki shi ne kalsiyam na abinci akasin haka yake yi. Nazarin da Gary Curhan na jami'ar Harvard ya jagoranta kan maza fiye da 45,000, wanda ya fito a 1993, ya nuna waɗanda suka fi cin abinci mai kalsiyam su ne suka fi tsira daga tsakuwa. Dalilin a fili yake. Mafi yawan tsakuwar ƙoda haɗin kalsiyam ne da okzalet. Idan su biyun suka gamu cikin hanji sai su ɗaure juna su fita ta bayan gida. Idan kuwa aka sha ƙwaya ciki babu komai, kalsiyam ya shiga jini shi kaɗai, okzalet na abincin baya ma ya shiga shi kaɗai, sai su haɗu a ƙoda.

Wannan batu ya fi nauyi a wuri irin Kelle fiye da inda aka yi binciken. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, gumi yana zuba, ruwan sha kuma sai an je nesa an jawo. Fitsari kan yi kaɗan ya yi kauri, kuma a irin wannan fitsarin ne tsakuwa ke saurin ƙulluwa. Wanda tsakuwa ta toshe masa mafitsara ko hanyar ƙoda sai an kai shi Gure, wani lokaci har babban asibitin Damagaram, tafiyar sama da kilomita 160 daga Gure ɗin kanta.

Maganar zuciya ita ce har yau ake jayayya a kanta. A 2008 Mark Bolland da Ian Reid na jami'ar Auckland a ƙasar Niyu Zilan suka ba da rahoton gwajin da suka yi kan tsofaffin mata 1,471, inda suka ga toshewar jijiyar zuciya ta fi yawa a wurin masu shan ƙwayar. A 2010 suka tattara gwaje-gwaje da suka shafi mutum kusan 12,000, suka ce haɗarin ya ƙaru da wajen kashi 30 cikin 100. Wani nazari na shekara goma a Amurka, da ya fito a 2016, ya gano masu shan ƙwayar sun fi samun taruwar kalsiyam a bangon jijiyoyin zuciya, alhali masu samunsa daga abinci ba su nuna haka ba. Amma a wannan shekarar dai wasu ƙungiyoyin likitocin ƙashi da na zuciya na Amurka suka sake duba hujjojin suka ce ba su ga illa ba matuƙar jimillar abin da mutum ke samu bai wuce miligiram 2,000 zuwa 2,500 a rana ba. Abin lura shi ne duk ɓangarorin biyu babu wanda ya zargi nono ko ganye. Zargin a kan ƙwaya kaɗai yake.

Ƙananan illoli sun fi yawa: taurin bayan gida, kumburin ciki da gyatsa, waɗanda su ke sa mutane da yawa daina sha. Wanda ba a cika faɗa ba shi ne yadda kalsiyam ke kama wasu magunguna cikin hanji ya hana su aiki. Yana rage tsotsar ƙwayar ƙarin jini da ake ba masu ciki a wurin awo. Yana ɗaure magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su tetirasayikilin da doksisayikilin da sifurofuloksasin, da maganin ciwon maƙoƙo, da dolutegirabir da masu ɗauke da cutar sida ke sha. Mai sayar da magani a faranti ranar kasuwa ba zai yi wannan bayani ba, sau da yawa shi ma bai sani ba.

To, me ƙwayar ke yi wa ƙashi? Taƙaitaccen nazarin da aka wallafa a 2015 ya nuna tana ƙara kaurin ƙashi da kashi 1 zuwa 2 cikin 100 a shekara ta farko ko ta biyu, daga nan ba ta ƙara komai. Wannan ya yi kaɗan ya hana karaya. Shi ya sa kwamitin rigakafi na Amurka, a 2013 da kuma 2018, ya ce kada a riƙa ba mata masu lafiya da suka daina al'ada miligiram 1,000 ko ƙasa da haka don hana karaya. Inda aka ga amfani ƙarara shi ne a Faransa a 1992, wurin tsofaffin mata 3,270 da ke zaune a gidajen kula da tsofaffi, ba sa fita rana, ba sa cin abin kirki. Da aka ba su kalsiyam tare da bitamin D, karayar kwatangwalo ta ragu da kashi 43 cikin 100 cikin wata 18. Sai dai a 2021 aka samu kwatankwacin wannan sakamako a Ostareliya ba tare da ƙwaya ba. A gidajen tsofaffi 60, an ƙara wa rabi madara da kindirmo da cuku a abincinsu na shekara biyu, karayar kwatangwalo ta ragu da kashi 46 cikin 100, faɗuwa ma ta ragu.

Ana iya cewa duk wannan labarin ƙasashen da suka ƙoshi ne, wanda abincinsa hatsi ne ai ƙwaya ba za ta yi masa komai ba sai alheri. Binciken Keneba a ƙasar Gambiya ya nuna abin bai kai haka sauƙi ba. Matan ƙauyukan wurin suna samun miligiram 300 zuwa 400 ne kawai a rana, suna haihuwa da yawa, suna shayarwa kusan shekara biyu, kamar dai matan Nijar, inda ƙididdigar 2021 ta nuna mace na haihuwar ƴaƴa 6.2 a matsakaici. Ƙungiyar masu bincike ta Ann Prentice ta ba wasu masu ciki miligiram 1,500 kullum daga mako na 20 har haihuwa. Sakamakon da ya fito a 2010 ya zo a juye: a lokacin shayarwa, ƙashin waɗanda suka sha ƙwayar ya fi na waɗanda ba su sha ba rauni, kuma da aka sake auna su bayan shekaru bambancin yana nan. Bayanin da masu binciken suka bayar shi ne jikin da ya saba da kaɗan ya koyi tattali, hanji yana tsotsa sosai, ƙoda tana hana zuba. Da ƙwaya ta zo sai ya saki tattalin, da aka janye ta kuma bai koma da wuri ba. Shayarwa dama takan ci wani ɓangare na ƙashin uwa, ya dawo da kansa bayan yaye, kuma ƙwaya ba ta hana wannan.

Duk da haka akwai waɗanda ƙwayar magani ce a gare su, kuma ƙin ba su ita kuskure ne babba. Na farko masu ciki, amma ba don ƙashi ba. Tun 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar giram 1.5 zuwa 2 a rana ga masu ciki a wuraren da abinci ba shi da kalsiyam sosai, domin rage hawan jinin ciki da ke kai wa ga jijjiga, ɗaya daga cikin manyan masu kashe mata wajen haihuwa. Gwajin da aka yi a Indiya da Tanzaniya kan mata 22,000, wanda ya fito a 2024, ya nuna miligiram 500 ma yana yin wannan aiki. Idan aka ɗora haɗarin jijjiga a ƙauyen da ke nesa da ɗakin tiyata a kan sikeli ɗaya da ɗan raunin ƙashi, jijjiga ta fi nauyi nesa ba kusa ba.

Na biyu yara masu lanƙwasar ƙafa, ko gwame ko mai kama da baka, da kumburin wuyan hannu da jinkirin tafiya. An daɗe ana ɗauka rashin bitamin D ne kaɗai ke kawo wannan, abin da ke da wuyar fahimta a ƙasar da rana ba ta yankewa. A Jos, Tom Thacher da abokan aikinsa suka gwada yara 123 da abincinsu ke ba su kimanin miligiram 200 kawai a rana. Rahotonsu na 1999 ya nuna cikin mako 24 kusan shida cikin goma na waɗanda aka ba kalsiyam sun warke ko sun kusa, waɗanda aka ba bitamin D kaɗai kuwa ba su kai biyu cikin goma ba. Daga baya suka gwada garin busasshen kifi da aka niƙa da ƙayarsa, shi ma ya warkar. Amma ba kowace lanƙwasar ƙafa ce ta rashin kalsiyam ba. A Tibiri kusa da Maraɗi, ruwan rijiyar burtsatse mai yawan sinadarin fulorayid ne ya nakasa ɗaruruwan yara daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa farkon 2000. Don haka yaro irin wannan likita ya kamata ya gani kafin a saya masa komai.

Akwai kuma abubuwan da ke cin ƙashi waɗanda ƙwaya ba ta gyarawa. Gishiri na ɗaya daga ciki, domin duk lokacin da ƙoda ta fitar da sodiyam takan ja kalsiyam su fita tare. Kanwa, wadda ake haƙowa a kwaruruwan kudancin Gure da ƙasar Manga, fara ce kamar alli, har wasu na zaton tana ƙara ƙarfin ƙashi, alhali mafi yawanta gishirin sodiyam ne. Yawan kunun kanwa ga mai jego yana cikin abubuwan da likitocin Zariya suka danganta da ciwon zuciyar bayan haihuwa tun shekarun 1970. Haɗa kanwa mai yawa da ƙwayar kalsiyam kabonet kuma na iya ɗaga kalsiyam na jini har ya taɓa ƙoda. Farar ƙasa da masu ciki ke ci tana hana tsotsar sinadarin ƙarfe, wata ma tana ɗauke da dalma. Mafi muni su ne ƙwayoyin sa ƙiba irin su dekzametazon da firedinisolon, waɗanda ake kira sha-ka-fashe: wata kaɗan na shansu ya isa ya fara zaizaye ƙashi, ko na budurwa ne.

Rana da motsa jiki na cikin abin da mutanen Kutus suka fi mazauna birane samu. Noma da daka da jan ruwa da doguwar tafiya duk suna sa ƙashi ya yi kauri, hasken rana a fata kuma shi ke samar da bitamin D, wanda idan babu shi hanji ba ya tsotse fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na kalsiyam. Waɗanda wannan ke kuɓuce wa su ne tsofaffin da suka daina fita ɗaki da matan da ke yini a inuwa a lulluɓe, kuma su ne suka fi kama da tsofaffin Faransa da ƙwaya ta yi wa amfani.

Wanda likita ya rubuta wa ƙwayar, ƙa'idar shanta ba ta da yawa. Kada ya wuce miligiram 500 a lokaci ɗaya, ya sha tare da abinci, ya yawaita ruwa, ya bar tazarar aƙalla awa biyu tsakaninta da ƙwayar ƙarin jini, sauran magungunan da aka ambata kuma ya tambayi tazararsu, don wasu har awa huɗu ko shida suke bukata. A lissafa abin da abinci ke bayarwa tukuna, ƙwaya ta cike abin da ya rage kawai, wato mai shan nono sau biyu a yini da damina ba ya bukatar abin da zai bukata da bazara. Mai ciwon ƙoda, da wanda ya taɓa yin tsakuwa, da mai shan maganin zuciya na digokzin ba sa shan ta sai da sa idon likita. Allurar kalsiyam ta jijiya kuwa ta gaggawa ce a asibiti, ba ta gajiya ko ciwon jiki ba, kuma idan aka tura ta da sauri tana iya rikita bugun zuciya. Alamomin kalsiyam ya yi yawa a jini su ne ƙishirwa mai tsanani, yawan fitsari, tashin zuciya, taurin bayan gida, kasala da ruɗewa, kuma wanda ya ga haka yana cikin shan ƙwayar ya dakatar da ita ya je gidan likita a auna jininsa.